Gajeriyar Katanga

Ban taɓa ganin masana irin 'yan majalisar yayana ba. Mutanen da suka sauka Greensboro ba su san ko besbol abin ci ba ne, a shekara ɗaya suka zama shehunanta. Da can gardamar ƙwallon Turai suke yi a bayan shagon Malam da ke East Greensboro, in an sauko daga Juma'a. Da ɗan yayan nawa ya zama mai jifan ƙwallo a ƙungiyar besbol ta wata ƙaramar kwaleji, sai kowa ya sayi hular hana-sallah ya ɗora a kan furfura. Dama dokin mai baki ya fi gudu.

Ƙungiyar kuwa a waccan bazarar ta zama jakar kowa, duk wanda ya zo sai ya lallasa su ya kama gabansa. Abin da ke kashe su shi ne hom-ran, wato mai sanda ya maka wa ƙwallo duka ta tsallake katanga, ya zagaye fili yana taƙama ba mai taɓa shi. Yaron namu na jifa, ana kwaɗa masa su.

Sai majalisa ta rabu biyu. Wani Alhaji mutumin Damagaram, direban tasi, ya rantse laifin filin ne: katangar hannun dama ta matso kusa, iska kuma da la'asar waje take kaɗawa, ga zafi da ke sa ƙwallo tashi. Malam mai shago ya ce ƙarya ne, hannu ne babu, yaran da aka raina da burodi da madara ina suka ga ƙarfin jifa. Wannan Malam ɗin, in ya jefi akuya da takalmi maƙwabci zai samu.

Shi uban yaron yana zaune a tsakiya yana kurɓar shayi. In an matsa masa sai ya gyaɗa wa Malam kai. Ba don ya yarda ba. Yaron ɗan fari ne, ko sunansa bai taɓa kamawa ba, daga "kai" sai "wannan yaron". A gida kowa ya san fassarar wannan kawaicin. Amma yaron da aka haifa a asibitin garin nan, wanda ya tashi yana ganin iyayen abokansa suna rungume su a bakin fili ko an ci su, a ina zai koya?

Wata Lahadi ya zo gidana a unguwar Wendover, ya ci tuwo ya ƙoshi, sannan ya gaya mini wata makaranta can yammacin ƙasar tana nemansa. Ya ce shi bai ƙi zama ba, in Baba ya ce ya zauna zai zauna. Abin da yake so kawai ya ji ko uban yana ganin ya iya wani abu. Na kai wa yayana maganar da zafinta, ya ce da ni, "Shi ya sani."

Abin da ya fi ƙona mini rai, na san abin da ke cikinsa. A wancan makon motata na wurin makanike, yayana ne yake kai ni aiki. Wata safiya sai na ga ya karkata zuwa filin kwalejin. Ba kowa sai injin ban ruwa. Ya fita da rigar aikinsa ta sito, ya taka har gindin katangar dama, ya dafa ta, ya tsinko ciyawa ya watsa sama yana duban inda iska za ta kai ta. Ya dawo mota yana huci.

"Katangar nan zalunci ce," ya ce. "A filin kirki, yawancin abin da aka buga masa a hannu zai faɗo."

Na ce to ya gaya wa yaron mana. Ya dube ni kamar na ce ya fita tsirara, ya tayar da mota.

Ranar wasansu na ƙarshe a gida, majalisa ta kwaso kanta gaba ɗaya, har da filas ɗin shayi, suka cika layi guda. Yaron ya yi jifa ranar kamar ba gobe, masu sanda suna ta dukan iska suna komawa. Sai dab da tashi wani siriri ya ɗaga ƙwallo sama, ta yi ta lilo, ta sauka a bayan katangar dama da ƙyar. Aka ci su. Alhajin Damagaram ya miƙe yana nuna wajen da carbi, yana cewa da ɗan Faransancinsa donc kowa ya ga terrain ɗin, wato filin, da idonsa. Malam ya ce shi hannu ya gani.

Muna shirin fita sai ga koci mai horar da su, wani dattijon Bature, ya riƙo kafaɗar yaron ya kawo shi gaban ubansa. Ya ce ya daɗe bai ga hannu irin wannan ba, filin ne ke cutarsa, kuma zai so ya zauna. Yaron bai kalli koci ba, ubansa yake kallo. Majalisa kuma ta zuba ido ta ga ko yayana zai yabi ɗan fari a bainar jama'a.

Yayana ya sunkuyar da kai, ya faɗi abin da kowane uba ke gaya wa malamin ɗansa a gida. Sai dai da Turanci ya faɗa, tsaf, ba wanda ya nemi tafinta. Ya ce yaron ba abin da ya iya, ba ya jin magana, a dai yi ta haƙuri da shi.

Malam ya yi dariya, ya ce uban nan akwai kara. Koci ya saki baki. Yaron ya cire hularsa, ya mayar, ya juya ya bi abokansa. Ni kuwa da ƙasa za ta tsage da na tura majalisar ciki, da filas ɗinsu.

Ni na kai yaron filin jirgi a ƙarshen bazarar. A hanya na yi ta bayanin kunyar ɗan fari, na ba shi labarin ciyawar da aka watsa sama. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce da Hausarsa mai ɗingishi, "Gwaggo, ke kika gani. Ni abin da na ji, na ji."

Yanzu ku je bayan shagon ku sha kallo. Yayana ne sarkin masu zagin katanga, har Alhajin Damagaram ba ya samun wurin sa baki, Malam kuwa ya sha tsawa ya gaji. Ihu bayan hari, a gaban mutanen da ba ɗansu ne ya tafi ba.

Yaron yana kirana duk Lahadi, uban kuma ya koyi zuwa gidana a daidai lokacin, wai hanya ce ta biyo da shi. Makon jiya ina cikin wayar ya matso, ya rage murya, ya ce in tambayi wannan yaron ko katangar filinsu na can da nisa.

Na miƙa masa wayar na ce, "Ga shi, Yaya, tambaye shi."

Ya mayar da hannuwansa baya.