Yaya Habibu Bai Ce Tsila Magani Ce Ba

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana Habibu, kuma har yau ban huta da wanke sunansa ba a ƙauyenmu da ke gefen Zakirai.

Da ransa dariya ake yi masa. Kowa na kashe ɓera don ya tsare rumbu, shi kuwa yana ɗakin bincike a wata jami'a a Kano yana ciyar da fararen ɓeraye. Inna kan ce, "Na haifi makiyayi, amma ba abin yankawa da salla." Aikinsu, shi da abokan bincikensa, shi ne su sa wa ɓera tsila a hanji da gangan, su ga abin da zai biyo baya. Ya ce mini tsilar kan lallaɓa garkuwar jikin ɓeran don kada a kore ta, sai garkuwar ta rage hasala a kan abin da ba shi da laifi, kumburi da ƙaiƙayi su lafa.

Ba banza abin ya dame shi ba. 'Yata Ummi da ta ɗanɗana gyada sai leɓɓanta su kumbura, numfashi ya sarƙe, a garin da ƙuli-ƙuli da kunun gyada ba sa yankewa. Burinsa a gano abin da tsilar ke fitarwa a yi magani da shi, ita kuma a yar da ita.

Wannan ƙarshen maganar ne mutanenmu suka datse. Bana aka kawo maganin tsutsar ciki firamaren da nake koyarwa, sai ga iyaye mata sun zo janye 'ya'yansu, Gwaggo Lami ƙanwar mahaifinmu a gaba.

"Malama, yayanki da bakinsa ya ce tsila magani ce," in ji ta. "Ke ma kada ki ba Ummi, tsutsar ce ke riƙe da ita."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Mutumin da kuka mayar abin tsokana, yau da ba shi da bakin musu, shi ne shaidarku? Da yana nan sai ya ce ɓeransa a keji yake, ana duba shi kullum. Yaranmu kuwa tsutsa na cinye musu abinci a ciki, suna gyangyaɗi a aji da hantsi.

Ba na ɓoyewa, na ji tsoro. Idan na ba Ummi, kumburin ya tashi ko da don wani dalili ne, sunansa da nawa sun gama lalacewa. Na tambayi ma'aikaciyar lafiyar da ta kawo maganin, ta ce ba ruwansa da gyada. Na kira Ummi gaban layi, ta haɗiye ƙwayar a kan idonsu. Gwaggo ta kau da kai. Wasu suka tura nasu, wasu suka tafi da su gida, kuma gida-gida nake bin su har yanzu.

Ummi lafiya lau take, amma gyada sai dai kallo. Maganin da Yaya ya yi wa buri bai iso mana ba. Bai bar mana gadon gida ko gona ba, sai magana ɗaya da ya faɗa daidai, ni kuwa ba zan bari a murɗe ta ba. Allah ya jiƙanka, Yaya. Muddin ina numfashi, ba yaron da za a bar wa tsutsa a ciki da sunanka.