Sallamar Auta a Cikin Kwamfuta

Ni mai gyaran rediyo da talabijin ne, shagona yana Ƙofar Kuyambana, kuma ban taɓa son kwamfuta ba. Autanmu ne ya jawo ni ciki. A ƙarshen shekarun casa'in, yana koyar da lissafi a wata sakandare, ya fara kwaso kayanta ɗaya bayan ɗaya daga wajen wani abokinsa a Samaru: yau bod, faffaɗan allon da ake dasa komai a kai, wani watan sandunan memori, can kuma firosesa, ƙwaƙwalwarta, a naɗe cikin takarda. A ɗakinsa na kusa da zaure, a gidanmu na Limancin Kona, muka haɗa ta, shi yana karanta littafin bayaninta, ni ina riƙe da sukudireba ina yi masa faɗa. Ba don aiki ya haɗa ta ba, kada ma a yi masa ƙarya. Tseren mota yake yi a ciki, ƙato mai shekara ashirin da takwas, har da karkata jiki idan ya zo kwana.

Bai iya barin abu yadda ya same shi ba. Ya sauya wa 'yan hulunan roba na kan bod wuri don firosesa ta yi gudun da ya fi ƙarfinta, ya shiga shuɗin allon saiti ya matse lokutan memori. Na ce masa zai ƙona ta. Ya ce, "Yaya, kai dai eriya ka sani." Daga baya ya jona makirfo ya ɗauki muryarsa, ya sa ta a madadin kiɗan da kwamfutar ke yi idan an kunna ta. Tana gama tashi sai ka ji, "Salamu alaikum, mutanen gidan nan, an tashi lafiya?" A ƙarshe akwai 'yar dariyar da bai iya yankewa ba.

Taifot ya ɗauke shi da damina, cikin kwana tara. Ban yi kuka ba, kuma ba dauriya ba ce, babu abin da na ji ne kawai. Na zauna a zaure ina karɓar gaisuwa, ina cewa amin, ina kallon takalman mutane a bakin tabarma.

Bayan sadakar bakwai Inna ta tare ni a tsakar gida. Ni ne ɗan fari, ba ta kiran sunana, ba ta ma cika duban fuskata ba. "Kai" take ce mini, idonta a gefe. Ta ce, "Kai, akwatin nan na auta, yana magana har yanzu?" Na kunna mata. Ta zauna a bakin gadonsa, muryar ta fito daga 'yan sifikun, ta amsa sallamar cikakkiya, ta ce lafiya lau. Daga ranar ya zama mana aikin safe. Idan akwai wuta, kafin in tafi shago sai in kunna, ta amsa, in bar ta a ɗakin da kwamfutar a kunne. Na koya mata inda za ta danna ta kashe.

Bayan wata biyu kwamfutar ta fara ƙagewa. Da farko sai ta yi kamar rabin awa sannan ta tsaya cak. Sai ya koma minti goma. Inna kuma idan ta ga haka sai ta zare waya daga bango, ba ta san wani abin yi ba. Wata safiya kwamfutar ta ƙirga memori, ta nuna hoton gajimaren da take nunawa idan tana tashi, ta jefo shuɗin allo cike da lambobi, ba ta kai ga sallamar ba. Inna ta jira, ta jira, ta tashi ta fita.

Na ɗora laifin a kan memori, domin tun auta yana raye na ce saitin nan zai jawo tsiya, kuma ina son in zama mai gaskiya. Ga halina ke nan. Na zare sandunan guda biyu na goge haƙoransu da abin goge fensir, na mayar, na musanya musu rami, na gwada ɗaya ita kaɗai. Na shiga saiti na sassauta duk abin da ya matse, lambar da ya sa biyu ta koma uku. Na mayar da hulunan roba inda littafin ya ce. Kwana biyar ban buɗe shago da wuri ba. Kullum a kashe nake buɗe cikinta, in taɓa, in rufe, in kunna, in ji ƙugin fanka daga baya, in ce to iska dai tana nan. Inna takan tsaya a bakin ƙofa da buta a hannu, ta ce, "Yau ma?" In ce yau ma.

Abokin nan nasa na Samaru ya ce zare wayar da ake yi ne ya lalata manhajar, sai dai a goge faifan ajiya gaba ɗaya a zuba sabuwa. Ya ba ni faifan zubawa. Ranar Asabar da hantsi na zauna na bi abin da ya rubuta mini a takarda. Kwamfutar ta tambaye ni ko na tabbata, na danna e. Lambobin gogewa suka fara hawa. Sai da suka wuce rabi na tuna inda muryar take: a cikin faifan da ake gogewa.

Ban zabura ba. Na ci gaba da kallon lambobin har suka cika.

Ana cikin zuba sabuwar manhaja ta sake ƙagewa. Wannan karon murfin yana buɗe, na kai yatsa kan ƙarfen da ke zaune bisa firosesa, ya ƙone ni kamar murfin tukunya. 'Yar ƙaramar fankar da ke kansa ba ta motsi. Ƙugin da nake ji duk kwanakin nan na babbar fankar baya ne. Na kwance ƙaramar, na ga wani baƙin danƙo ya like fukafukanta, na sansana. Turaren wuta ne. Ashe duk safiya bayan na fita Inna tana kawo kasko ta turara ɗakin, ta ajiye shi dab da akwatin, ta lulluɓe su da babbar rigarsa ta Juma'a yadda ake turara kaya, don abin da ke ɗauke da muryar ɗanta ya yi ƙamshi. Fanka ta zuƙi hayaƙin wata biyu. Na wanke ta da sifirit, na ɗiga mata man keken ɗinki, ta juya. Gyaran bai ci minti goma ba. Memori kuwa lafiyarta ƙalau tun farko.

Na sake zuba manhajar, kwamfutar ta tashi garau, da kiɗan kamfani. Na nemi muryar ko'ina, na san ba ta nan, na nema duk da haka. Mutane sun sha cewa a bayan katanga ba a bambance muryata da tasa. Na jona makirfon, na rufe ƙofa, na yi sallamar sau goma sha wani abu. Dariyar ce ta ƙi. Na zaɓi wadda ta fi kusa na sa.

Washegari na ce wa Inna an gyara. Ta shigo ta zauna a wurinta. Muryar ta fito. Ta amsa sallamar cikakkiya, domin sallama ba a ƙin amsa ta. Ba ta ce lafiya lau ba. Ta juyo ta dube ni a fuska, abin da ban tuna ta taɓa yi ba tun ina saurayi.

Ta ce, "Tasa ta tafi ke nan?"

Na ce ta tafi, Inna, ni na goge ta. Ban yi mata maganar turare ba, har ta bar duniya ban yi ba.

Ta gyara mayafinta. Ta ce, "To kashe. Kai kana da ƙafa. Ka riƙa shigowa da safe ka yi mini da bakinka."

Na kashe. Na ninke babbar rigar na sa a akwatin kayansa, na tafi shago, akwai talabijin biyu suna jirana.