Ruwan da Na Ƙi Sha a Gwiwa

Da asubar fari muka tashi daga Kano, ƙanina na tuƙi, ni kuwa tun a ƙofar gida na rantse ba zan dawo ba sai da Baffa, yayan mahaifinmu. Wata da watanni yana ganin jini a bayan gida, duk ya rame, amma ya kafe wai basir ne.

A Kazaure muka karya da ƙosai da koko. Ga mai maganin basir ya ɗora lasifika a kan mota, yana zayyana cutar kamar tare suka tashi. Na ji kamar in fizge lasifikar. Ni aikina a ɗakin bincike yake. Muna kiwon ɓerayen da aka cire wa ƙwayar gado guda, muna lura da yadda babban hanjinsu ke kumbura yana zubar da jini, har wasu ya rikiɗe musu ya zama ciwon daji. Dangi kuwa "likitar ɓera" suke ce min.

Muka ratsa duwatsun Roni, gero ya yi kai, wani ɗan acaɓa ya wuce mu da akuya a cinya. Kafin azahar mun isa ƙauyenmu kusa da Gwiwa.

Matar Baffa ta kawo ruwan randa da fura. Na gaida Baffa har ƙasa, sannan na ture kwanon gefe.

"Ke, ruwan gidana kika ƙi?"

"Baffa, ba zan sha ba sai kun shiga mota."

"Ni za a tuɓe a zura wa na'ura? Ɓeranki ne ni?"

"Wataƙila basir ɗin ne, Baffa. A duba mu sani."

Na zauna a tabarma har la'asar, maƙogwaro ya bushe. Maƙwabta suka fara leƙe, ana cewa baƙuwa ta yini a gidan dattijo ba ta sha ruwa ba. Kunyar nan ce ya kasa ɗauka. Ya zura babbar riga, ya miƙo min kwanon da hannunsa.

"Sha. Taurin kan ubanki kika ɗauko."

Bayan magariba muka shigo Kano, Baffa na gyangyaɗi a kujerar baya. Gobe za a duba shi, kuma wallahi tsoro nake ji. Amma na koyi abu ɗaya: duk ilimin hanjin da na tara bai ɗaga Baffa daga tabarma ba, ƙishirwata ce ta ɗaga shi.