Ƙarar ƙwallo a mahzan ɗin auduga

"Ustaza, kin san Inna Hajjo tana ƙarƙashin gado yanzu haka?"

Kawu Bello ne tsaye a ƙofar tsohon mahzan, wato ɗakin ajiyar auduga, riƙe da sanda. A bayansa ga maza suna haki, wani ko takalmi babu. 'Yan matan da nake koya wa sikwash, wasan buga ƙwallo a bango da raket, suka lafe a jikin bango.

A jami'a na koyi wasan, can birnin Madani, nan Sudan. Da muka dawo ƙauye bayan yaƙi na tarar da mahzan wayam, ga bango lafiyayye, na ce fili ya samu. Duk karatuna, babu malamin da ya gaya mini cewa ƙwallon roba in ya daki bango ƙarƙashin rufin kwano, ƙarar bindiga yake yi.

Na ce, "Kawu, wasa ne fa."

"Wasa? Mata sun kwashi yara sun faɗa gonar dawa, kina ce mini wasa!"

Sai ɗiyarsa Safiya, ɗaya daga cikin 'yan matan, wadda ko murfin tukunya ya faɗi sai ta yi ta makyarkyata, ta ce a hankali, "Baba, ni nan kaɗai nake jin wagga ƙara ban gudu ba. Don kuwa ni nake yin ta."

Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya miƙo mini hannu. "Halas, ya isa. Mabuɗi."

Na ba shi. Ya ja ƙofar ya kulle, raket ɗinmu duk suna ciki. Na gyara mayafina na kama hanya.

To jama'a, tsoron wa za a fara yi wa magani, na Inna Hajjo ko na Safiya?