Hagun da Baba Ya Bar Wa Samaru

Shekara goma sha biyu ke nan da muka kai mahaifina, Baba Bitrus, makwancinsa. Amma har yau in na bi ta gefen filin firamaren unguwarmu a Samaru na ji ƙarar sanda ta haɗu da ƙwallo, sai na waiwaya gindin mangwaron nan kamar zan gan shi a kujerarsa ta katako. Ni ce 'yarsa ta biyu, Rifkatu. Na ɗauki alƙalami ne saboda abin da idona ya gani ranar Litinin ɗin Ista ta bana, abin da na so a ce ya gani ko da na ƙiftawar ido ne.

Da ƙuruciyarsa Baba ya yi aikin lambu a gidan wani Ba'amurke da ya zo binciken iri a Samaru. Da yamma Baturen kan fito da wata jibgegiyar safar hannu ta fata, ya sa Baba ya riƙa jefo masa ƙwallo yana cafewa. A ƙasa ya zana masa dokokin besbol, wasan da mu muke kira ƙwallon sanda: mai jifa ya jefo, mai duka ya maka, ya zaga tasha huɗu a guje ya dawo gida. Da zai koma ƙasarsu ya bar wa Baba sanda ɗaya, ƙwallo biyu da safar nan. Abin da bai faɗa masa ba shi ne cewa shi bahago ne. Safarsa ta hannun dama ce, da hagu yake jifa. Baba kuwa bai taɓa ganin wani mahaluki yana wannan wasa ba sai shi, don haka ya ɗauka haka dokar take.

Ya kai safar wurin abokinsa Baba Sunday, shumeka mai ɗinkin takalma a kasuwar Sabon Gari, ya ce a ɗinka masa irinta sak. Shi ma bai yi tambaya ba, ya kwafa har da ɗinkin da ya karkace. Haka aka yi ta ɗinka su shekara da shekaru, duk na hannun dama, kuma duk yaron da ya shiga filin Baba da hagu ya koyi jifa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, Baba kuwa ya iya tanƙwarawa. Kafin a ankara ga yaran Samaru, ga na Palladan, ga na Hanwa da Dogarawa, 'ya'yan coci da 'ya'yan masallaci, kowace Litinin ɗin Ista sai sun haɗu da na Sabon Gari an yi gasa. Kofin ma wani tsohon kwanon sha ne da aka goge.

Wadda ba ta taɓa yarda da lamarin ba ita ce mahaifiyarmu, Mama Talatu. Mai karatu ya san matsayin hagu a wurinmu: ba a ci da ita, ba a miƙa wa babba abu da ita. To ga gida cike da yaran da hagunsu ta fi damarsu kuzari. Sau nawa muciya ta sauka a bayan hannuna don na miƙa mata gishiri da hagu, ban iya ƙirgawa ba. Takan ce, “Bitrus, wasanka ya tsaya a fili. Ɗan da ya miƙo mini abu da hagu a gidan nan, ko ɗan wa ne, sai ya ji a jikinsa.” Baba ya yi murmushi ya ce doka ce, ba shi ya kafa ta ba.

An fi shekara ashirin a haka, sai wani matashin jami'in wasanni daga kudu ya ji labarinmu ya zo kallo. Ya tsaya ya dubi yara sha takwas suna jifa da hagu, ya yi dariya har da riƙe ciki. Ba da mugunta ya yi ba, amma a gaban iyayen yara ya ce, “Dattijo, wa ya ce maka dole sai da hagu? Kowa da hannun da ya saba yake jifa. Maigidanka dai bahago ne.” Ina wurin. Na ga Baba ya dubi safar da ke hannunsa kamar yau ya fara ganinta.

Da wani ne, da ya yi dariya tare da baƙon an wuce wurin. Baba ba haka yake ba. Washegari ya sa rigarsa ta zuwa coci, ya hau kekensa, ya bi gida gida daga Samaru har Sabon Gari yana roƙon iyaye gafara. Mako uku ya yi yana wannan yawo. Wasu sun yi masa dariya, wasu sun ce ba komai, ɗiyan ai sun girma lafiya. Bai saurara ba sai da ya gama. Ya rataye safar a ƙusa a bayan ƙofar ɗakinsa, ya miƙa gasar ga yayana Dauda, bai kuma sake koya wa yaro jifa ba. Yakan zo dai ya zauna a gindin mangwaro ya yi kallo. Wata rana ina yi masa fifita a ciwonsa na ƙarshe ya ce mini, “Rifkatu, an ba ni amanan 'ya'yan mutane, na karkatar da su da rashin sani.” Na yi ta ba shi baki, bai karɓa ba. Da wannan nauyin ya tafi, kuma shi ne abin da ya fi ci mini rai a mutuwarsa.

Ina ma ya ga yau! Dauda ya samo safar hannu ta kowane hannu, yara suna kallon wasannin ƙasashen waje a waya, an san doka ciki da bai. Amma masu jifan Samaru da hagu suka ci gaba, domin waɗanda ke koya musu yaran Baba ne, kuma barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Sai ga shi ashe a duniyar wannan wasa mai jifa da hagu kamar zinariya ake nemansa. Masu duka sun saba da ƙwallon da ke fitowa daga dama, ta hagu kuwa takan zo musu ta inda ba su zata ba. Yanzu har daga Legas masu horarwa ke tahowa gasarmu neman bahagwai. Me Baba zai ce? Na san shi, da wuya ya yi alfahari. Ina jin cewa kawai zai yi wani hani ga Allah baiwa ne.

A wasan ƙarshe na bana, tsakanin Samaru da Sabon Gari, 'yar Dauda mai suna Godiya ce ta tsaya jifa. Shekararta sha huɗu, tana da biyu kakanta ya rasu, ba ta ma tuna fuskarsa. Safar da ta sa ita ce ta bayan ƙofa, wadda ɗan Baba Sunday ya sake wa ɗinki. Na ga yadda ta ɗaga ƙafa, ta karkata kafaɗa, ta saki ƙwallo, sai na ga Baba sak. Masu duka uku na ƙarshe ko taɓa ƙwallon ba su yi ba.

A ranar, karo na farko a rayuwarta, Mama ta yarda aka kawo ta fili a keke napep, aka zaunar da ita a gindin mangwaron, da shekarunta tamanin da ɗoriya. Ana tashi Godiya ta ruga wurinta, safa a dama, ƙwallon nasara a hagu, ta durƙusa ta miƙa mata. Da hagu. Ni da Dauda muka dubi juna, kowa ya tuna muciya.

Mama ta daɗe tana kallon hannun. Baba bai bar mana gida mai bene ba, bai bar gona ba, kuskure ɗaya ya bari wanda ya yi da zuciya ɗaya, ya kuma nemi gafararsa ƙofa ƙofa. Ƙofa guda ce bai samu amsa ba, ita ce ta gidansa. Sai Mama ta sa hannu biyu ta karɓi ƙwallon, ta riƙe hagun yarinyar ta ɗora a ƙirjinta.

Ta ce, “Bar shi haka, yarinyan nan. Hannun kakanki ne.”