Yadda Taubashina Ya Zama Mai Awon Rabin Wata

A shekarar da taubashina ya bar lakwal, wato makarantar boko, kawu, mahaifinsa, ya yanke masa wa'adi. Samarin garinmu sukan tafi cirani ayari biyu, na farko da an gama ɗaure gero, na biyu bayan wata biyu. Kawu ya ce in na biyun ya tashi bai samu aikin da za a nuna da yatsa ba, zai hau kamiyo, babbar motar kaya, zuwa Abija can bakin teku ya tura baro kamar yayyensa. Shi kuwa ba abin da ya tsana kamar cirani. Ya taɓa gaya mini cewa mutum irinsa, in ya je inda ba a jin Hausa, an yi asarar baki.

A lokacin ina aiki a wani ƙaramin gidan rediyo a Bouza, ina karanta sanarwa da gaisuwar masu sauraro. Duk mako nakan koma gida, don haka yawancin abin a kan idona aka yi shi.

An daɗe ana raɗe-raɗin cewa wani furoje na farfaɗo da ƙasa zai zo, kuma garin da ya riga ya fara aiki da kansa za a ɗauka. Saboda haka matan garinmu suka hau fakon tudun da ke bayan gari suna haƙa rabin wata, ramukan nan masu lanƙwasa da ke tare ruwan sama har ciyawa ta fito. Wasu su zo da hantsi, wasu da azahar, wasu su aiko da uzuri.

Wata safiya sai ga taubashina a kan tudun, sanye da rigar nan mai ruwan ɗorawa ta masu aikin hanya, wadda ya samo a gwanjon kasuwar Madaoua. Yana riƙe da igiyar awo da kaye na rubutu, ya saƙala bik a kunne. Ya auna rami, ya girgiza kai, ya rubuta. Dole in faɗi gaskiya, bai taɓa cewa an ɗauke shi aiki ba. In an tambaye shi wa ya aiko shi, sai ya dubi gabas ya ce ana nan ana dubawa. Wadda ta makara ya tambayi sunanta da na mijinta, ya rubuta a hankali tana kallo. Ba wanda ya san inda sunayen ke zuwa. Cikin kwana goma, kafin rana ta yi zafi tudun ya cika. Na taɓa buɗe kayen. Akwai sunaye, akwai kuma zanen babur a kusan kowane shafi.

Daga nan katunan gaisuwa suka fara zuwa teburina. Matan tudu suna gaida mai awon rabin wata. Samarin Galma suna gaida shi. Wani abokin aiki daga Keita yana masa fatan alheri. Hannu ɗaya ne, bik ɗin ma ɗaya ne, mai zubar da tawada. Da na tare shi da maganar, ko a jikinsa.

"Bawana," in ji shi, "aikinka karatu ne, ba binciken hannu ba."

Na duba, ban ga dokar da ta hana mutum gaida kansa ba, sai na ci gaba da karantawa da muryar da nake karanta ta kowa. Ba a jima ba wani ƙauye ya aiko a zo a auna musu nasu ramukan, ya dawo da zabuwa a hammata. Kawu yana jin duk wannan a rediyonsa. Abin da kawai ya ce shi ne riga ba aiki ba ce, kuma ya riga ya yi magana da direban kamiyo.

Saura kwana huɗu ayari ya tashi motar furojen ta iso, ni ma aka aike ni in ɗauko rahoto. Shugabar tawagar wata mata ce 'yar Keita, mai ƙarancin magana, wadda ta ce mana uwarta ta ɗauki dutse a ka a irin wannan aiki. Ta zaga tudun, ta tambayi wa ke kula da wurin. Hannaye suka nuna mutum ɗaya. Ta dubi rigar, ta dubi tafin hannunsa mai laushi, sannan ta ce ya zana mata rabin wata guda a sabon wuri.

Wata biyu yana auna na mutane, bai taɓa zana nasa ba. Ya ja igiya da ƙwarewa, ya zana baka mai kyau, amma bakinsa na kallon gangare. Ruwa zai zo ya bugi bayansa ya wuce. Na ga lokacin da ya gane, don kunnensa ya motsa. Sai ya miƙe, ya kaɗe gwiwa, ya juya ga matan ya tambayi wa ta ga kuskuren.

Gwaggonmu, tsohuwa mafi daɗewa a aikin, ta dogara da digarta ta ce, "Ɗan nema, ka sa shi ya ba ruwa baya. Mi zai sha, iska?"

"Madam, kin gani," ya ce. "Haka nika jarraba su kowace sahiya."

Shugabar ba ta yi dariya ba, ko da yake ta ɗan jima tana kallon takalminta. Ta ce masu awo tana da su har sun yi mata yawa. Abin da ba ta da shi shi ne wanda zai fito da gari guda kan tudu da sassafe ba tare da an ba shi komai ba. Za ta ɗauke shi mai tara jama'a, da sharaɗin ya haƙa rabin wata uku kullum da hannunsa har wata guda, gwaggo ce kuma za ta ce sun yi ko ba su yi ba. Gwaggo ta ce ta karɓa tun kafin a gama tambayarta.

Da la'asar ya kai wa kawu takardar mai hatimi. Kawu ba ya karatun boko, sai ya miƙo mini na karanta masa sau biyu. Ya ninke ta, ya sa a aljihunsa, ya aika a gaya wa direba ya ba wani gurbin. Sannan ya ce tunda yanzu akwai ma'aikaci a gidan, akwai gonarsa ta tudu da ta shekara bakwai ba ta ba da ko dami ba. Taubashina ya fara bayanin cewa irin wannan sai an rubuta buƙata an kai buro, ofishin furoje. Kawu ya ce to, ya rubuta, shi zai sa hannu, amma diga tana bayan rumbu.