Furannin Silin da Muka Shafe a Enugu

Ladan bai gama gyara murya ba muka bar Fatakwal, mu uku: ni, da abokina mai fenti, da dattijonmu Baba, magini ɗan Zariya wanda ya koya min zanen bango tun kafin in gangaro Kudu. Wani ɗan kwangila ne ya kira ni. Gwamnati ta ba shi aikin wani tsohon zaure a Enugu, na zamanin Turawan haƙar kwal, mai silin filasta da furanni. Ya ce mu je ma'aikaciyar gwamnati ta gan mu, in ta amince aikin wata shida ne. Baba ya fi shekara biyu ba wanda ya kira shi zane, gadi yake yi a wani gareji. Wannan aikin ne zai mayar da shi sana'arsa.

Direba ya ƙara mana wani fasinja, ya cusa mu huɗu a kujerar mutum uku, alhali ni da tumbina mutum biyu ne. Shingayen hanyar Owerri kuwa, na ƙirga har yatsuna suka ƙare na ari na maƙwabcina. Akwai ramin da muka faɗa, na rantse sai da na hango wata mota ta bara a ciki.

Da azahar muka shiga Anacha, muka sauka wurin wani Alhaji mai albasa a kasuwar Ose. 'Ya'yansa na ciniki da Igbo kamar a bakinsu aka ƙera shi. Ya sa aka kawo tuwo da miyar kuka. Da ya ji abin da ya kawo mu sai ya ce, "Aikin gwamnati? Ku ƙara tuwo, shi ne kaɗai abin da kuke da tabbas a kansa."

A nan Baba ya dage sai mun sayi fenti, fari da shuɗi da kore. Kuɗin galan ɗaya, a da da shi ake gina ɗaki. Na ce mu bari sai an ba mu aikin. Ya ce, "Kai ɗan nan, magini ba ya neman aiki da baki. Hannu ake nunawa, sannan a yi magana." Haka aka koya mana, ban yi musu ba.

A unguwar Coal Camp ta Enugu muka kwana wurin 'yan uwa masu gyaran takalma. Da safe muka karya da okpa, wani abu kamar alala amma na gurjiya, mai zama a ciki kamar bulo. Ɗan kwangila ya ce ma'aikaciyar za ta zo ƙarfe goma. Mai gadi ya buɗe mana zauren.

Na ga silin a rayuwata, ban ga irin wannan ba. Furanni da ganye zagaye da zagaye, duk da hannu aka ɗora su. Sai dai launin ya dushe, ko'ina tsaga, ga bokitai a ƙasa suna tarar yoyo. Baba ya daɗe da kai a sama. Ya ce, "Wanda ya yi wannan ya san aikinsa, amma an wulaƙanta shi. A gidanmu bangon da ake so ba ya shekara ba a sabunta shi ba."

Goma ta wuce, sha ɗaya ta wuce, ma'aikaciyar ba ta zo ba. Ga katakon hawa an riga an kafa. Baba ya zaɓi kusurwar da ta fi lafiya, don ita ce za ta karɓi fenti. Muka kankare tsohon launin tas, muka cike tsaga, ya kama burushi. Kafin la'asar kusurwar nan ta fito kamar amarya.

Ma'aikaciyar ta shigo, ta ɗaga kai. Na gyara hula ina jiran yabo. A hankali ta ce da Turancin buroka, "Who send una?" Wato wa ya aiko ku.

Ashe kwangilar gaba ɗaya ta tsare tsohon launin ce. Da auduga da 'yar wuƙa irin ta likita ake bin sa, ba a ƙara ko ɗigo. Kusurwar da muka kankare ita kaɗai ce yoyo bai taɓa ba, daga ita za a gane asalin launin sauran. Ta durƙusa tana tsintar ɓarɓashin a ƙasa tana zubawa a ambulan.

Baba ya ce, "Me take cewa?" Na fassara masa.

"Wato dattin ake so?"

"Shi ake so, Baba."

"To me ya hana a faɗa?"

Ta ce yana rubuce a takardar kwangila. Mu ba mu taɓa ganinta ba, shi kuma ɗan kwangilar, da ya iso, sai ya bayyana bai karanta ba. Taya yake sayarwa, takardun kamfaninsa ne kawai suka cika aka ba shi aikin. Nan take ya ce bai san mu ba. An dakatar da aikin sai kwamiti ya zauna. Gyaran kwanon da ke yoyo kuwa kwangila ce dabam, ba a ma bayar ba, ga damina ta kankama.

Ta Aba muka dawo. Abin da na koyo shi ne akwai inda gwaninta ke zama ɓarna in ba a tambaya ba, kuma tsakanin mai takarda da mai hannu, ginin ne ke mutuwa. Ban ga alamar silin nan zai kai rani ba.

Muna shiga Fatakwal Baba ya taɓo ni. "Zanen nawa ma za su kankare shi ko?"

Na ce, "Za su kankare, Baba."

Ya jinjina kai. "To ka kira matar nan, ka ce su bi a hankali. Filastar da ke ƙarƙashi ba ta da ƙarfi."